Ta baya ruwa yake dawowa

A lungun teku, inda ƙasa ta kewaye ruwa ta gefe uku, raƙuman ruwa kan iso a gajiye. Ba su da ƙarfin kwashe abin da koguna suka kawo, don haka laka da lallausan yashi sukan yi ta kwanciya shekara da shekaru har su zama fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Idan teku ya ciko, ruwa kawai za ka gani har gindin ciyawa. Bayan awa shida sai ka nemi ruwan ka rasa. Ya ja da baya, wani wurin mita ɗari biyu, wani wurin kilomita da yawa, ya bar ƙasa tana ƙyalli, ga 'yan ƙoramu suna ratsa ta, ga tsuntsaye sun bazu suna caccaka. Babu hayaniya, babu cunkoso, ko iskar ma ba ta da kaifi irin na buɗaɗɗiyar gaɓa.

Wannan shirun shi ne abin da ake zuwa nema, kuma shi ne yake yaudarar baƙo. A gaɓar da igiyar ruwa ke dukan duwatsu, ido kaɗai ya isa ya gargaɗi mutum. A nan kuwa babu abin da ke nuna haɗari. Wanda zai tafi irin wannan wuri, agogo ne jagoransa, kuma tun daga gida ake fara shiri.

Wata da rana ne ke jan ruwan teku, amma jan wata ya fi ƙarfi saboda kusancinsa da duniya. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa kan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata awa 12 ne da minti 25, tsakanin cikowa da ƙarshen janyewa kuwa awa 6 da 'yan mintuna. Waɗancan minti 50 ɗin su ne ke kayar da mutane da yawa. Idan yau ruwa ya gama janyewa ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 10:50, bayan mako guda kuma a daidai ƙarfe 10 ɗin nan wurin na iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka idan wani ya ce maka ya je makon jiya da hantsi ya tarar da fili, labarinsa gaskiya ne, amma ba zai yi maka amfani ba.

Girman cikowar ma ba ɗaya ba ne kullum. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, rana da wata sukan haɗa ƙarfi a layi ɗaya, sai ruwa ya cika fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. A yawancin wurare abin kan kai ƙololuwarsa kwana ɗaya ko biyu bayan nan. Idan wata ya kai rabi, wato wajen 7 da 22 ga wata, tazarar tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa kan ragu sosai. Babbar janyewa ita ce ke buɗe filin gaba ɗaya, ita ce mai daɗin kallo, amma ruwan da ya yi nisa haka dole ya dawo da sauri, don awa shidan da yake da su ba su ƙaru ba. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, a ganina gara ya zaɓi rana mai matsakaiciyar tazara.

Wuri da wuri ma sun bambanta ƙwarai. A lungun Fundy da ke Kanada tazarar cikowa da janyewa kan kai mita 16, babu inda ya fi shi a duniya. A Mont-Saint-Michel na Faransa tana kai wa wajen mita 14. A mafi yawan gaɓar Bahar Rum kuwa ko mita ɗaya ba ta cikawa. Akwai kuma inda ruwa ke cika sau ɗaya tak a rana, kamar wasu sassan mashigin tekun Meziko. Ke nan ba a ɗaukar lissafin wata gaɓa a kai wata.

Abin da ke raba gardama shi ne jadawalin cikowa da janyewa, wanda hukumomin kula da teku ke fitarwa, ana kuma samunsa a intanet da manhajojin waya. Karanta shi ba wuya, amma ana yawan yin kuskure uku. Na farko, a ɗauki jadawalin babbar tashar jiragen ruwa mafi kusa a zaci daidai yake da na lungun da za a je, alhali can ƙuryar lungu ruwa na iya makara ko ya riga da rabin awa ko fiye. Na biyu, agogon da aka yi jadawalin da shi: wasu da agogon GMT ake rubuta su, kuma a ƙasashen da ke tura agogo gaba lokacin zafi, kuskuren awa guda cur kan shigo ta nan. Na uku, mantawa da cewa jadawali hasashe ne da aka gina kan tafiyar wata da rana, bai san da iska ba. Iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga teku zuwa tudu tana sa ruwa ya ƙi janyewa yadda aka rubuta, ya kuma dawo da wuri. Haka nan idan nauyin iska ya sauka, kamar gab da hadari, teku kan ɗaga wajen santimita ɗaya a kan kowane miliba ɗaya (ma'aunin nauyin iska) da ya ragu. Santimita 20 ba komai ba ne a bakin dutse, amma a fili kwance yana iya cinye mita ɗaruruwa.

Tsarin da ya fi aminci mai sauƙi ne: ka bi ruwa a baya yana tafiya, ka juyo kafin ya juyo. A ce jadawali ya nuna ƙarshen janyewa ƙarfe 11. Ka sauka filin wajen ƙarfe 9, ka yi yawonka, ka saita ƙararrawar waya a kan 11 daidai, tana bugawa ka kama hanyar tudu ko da kuwa ruwan yana can nesa kamar ba shi da niyyar motsi. Ka lissafa cewa dawowa za ta fi tafiya ɗaukar lokaci, don ƙafa ta gaji, kayan sun jiƙe, yara kuma sun fara neman goyo.

Dalilin wannan gaggawar yana cikin wani lissafi da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna aiki da shi. Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya. Idan aka raba dukan tazarar kashi 12, awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. A wurin da tazarar take mita 6, awa ta farko santimita 50 kacal zai ƙaru, har mutum ya ce ai wannan ruwan ba ya sauri. Awa ta biyu mita ɗaya. Ta uku da ta huɗu kuwa mita ɗaya da rabi kowacce, wato rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake shigowa. To, ɗauki filin da gangarensa bai wuce mita ɗaya a kowace kilomita ba. Hawan mita ɗaya da rabi yana nufin bakin ruwa zai ci kilomita ɗaya da rabi a awa. Mutum a busasshiyar ƙasa yana yin kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma a lakar da ke riƙe ƙafa gudunsa kan koma rabi ko ƙasa da haka. Inda filin ya fi haka kwanciya, ruwan ya fi shi sauri ƙarara. Wannan lissafin ma kimantawa ne kawai, domin a lunguna marasa zurfi cikowa kan fi janyewa gajarta, ruwan ya shigo a dunƙule.

Duk da haka, ba tsere da bakin ruwa ne ya fi halaka mutane ba. Filin da ido ke gani kamar faifai ba daidai yake ba: akwai tuddan yashi, akwai kwaruruka da magudanai a tsakaninsu, kuma sau da yawa mafi zurfinsu yana kusa da tudu, a bayan mai yawo. Da safe ka tsallaka ɗaya ruwansa bai kai idon sawu ba, ka ma manta da shi. Idan teku ya juyo, waɗannan kwaruruka yake fara cikawa, shiru, ta gefe. Kai kana tsaye a kan tudun yashi kana kallon gaba, kana ganin sauran nisa, alhali an riga an yanke ka daga ƙasa. Kafin ka waiwayo, ƙoramar safe ta zama kogi mai gudu. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da babban mutum, musamman idan ƙasan da yake takawa tana zamewa. Don haka duk magudanar da ka ƙetare ka riƙe ta a rai, ka ƙirga su, ka riƙa waiwaye kowane minti goma. Da zarar ka ga ruwan cikin wata magudana ya daina gangarawa teku, ko kumfa da ciyayi sun fara tafiya wajen tudu, lokaci ya yi, ko me agogo ya ce.

A daren 5 ga Fabrairu, 2004, a lungun Morecambe da ke arewa maso yammacin Ingila, ruwa ya rutsa da wasu 'yan China masu haƙar kumba a cikin yashi, fiye da mutum 20 suka rasu. Ba su san wurin ba, dare ne, kuma nesa suke da tudu. Lungun nan tun ƙarni na 16 yake da jagora na musamman da masarauta ke naɗawa don ƙetarar da mutane, kuma har yanzu kafin ya ɗauki ayari sai ya fita ya gwada ƙasa ya kafa rassan itace a matsayin alama, saboda kogunan da ke ratsa yashin suna canza hanya. Haka a tekun Wadden, wanda ya shimfiɗu a gaɓar Holand da Jamus da Denmak, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2009, doguwar tafiya zuwa tsibirai da jagora ake yin ta. Idan mutanen da suka tashi a wurin suna bin jagora, baƙo ba shi da hujjar yin gaban kansa. Yawo kusa da tudu daban, ƙetare lungu daban.

Sai karatun ƙasa. Yashin da ke da layi-layi kamar rufin kwano, mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, galibi amintacce ne. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne mai santsi da sheƙi, wanda ba tabon komai a kansa, idan ka taka gefensa sai ka ga ya yi rawa kamar kitse. Irin wannan ya fi yawa a bakin magudanai, da inda ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da bayan ruwan sama mai yawa. Sanda mai tsawon ƙirji tana da amfani a nan: ka soka ta gabanka, idan ta shige ba tare da turjiya ba, ka kewaye.

Idan aka yi rashin sa'a ƙafa ta kafe, ka sani yashin ba zai haɗiye ka ba. Ya ninka jikin mutum nauyi kusan sau biyu, shi ya sa da wuya mutum ya nutse ya wuce ƙugu. Matsalar ita ce ya riƙe ka har ruwa ya iso. Abin da jiki zai so yi shi ne fizgar ƙafa ɗaya da ƙarfi, wanda hakan ke danna ɗayar ƙasa. Maimakon haka ka yar da jakar baya, ka jingina baya ka zauna ko ka kishingiɗa don nauyinka ya bazu, sannan ka riƙa jujjuya ƙafa ɗaya a hankali domin ruwa ya samu hanyar shiga gefenta ya sassauta riƙon. Idan takalmi ne ya maƙale, bar masa shi. Ƙafa ɗaya ta fito, sai ɗayar, sannan ka ja ciki ko ka mirgina ta hanyar da ka zo, kada ka miƙe tsaye sai ka kai ƙasa mai tauri. Abokin tafiya kada ya matso a tsaye, kada kuma ya ja ka da ƙarfi, don gwiwa kan goce kafin laka ta saki. Ya kira masu ceto tun a mintunan farko, ba sai ruwa ya kai cinya ba. Kunyar a ce an tayar da mutane a banza ta sha jawo asarar awa guda mai tsada.

Maganar takalmi ta cancanci a tsaya a kanta, domin kusan kowa da wanda bai dace ba yake zuwa. Silifas a taku na goma laka za ta ƙwace shi. Dogon takalmin roba ya fi muni: laka tana tsotse shi, ruwa ya cika shi, ya zama dutse a ƙafa. Tafiya ba takalmi tana da daɗi a kan yashi, amma ɓawon kawa, wata halittar ruwa dangin kumba, yana yanka kamar reza. Abin da ya fi shi ne tsohon kambas da aka ɗaure igiyarsa tamau, da safa a ciki don kada yashi ya goge fata. Sauran kaya ba su da yawa: ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum na rabin yini, hula, man kare fata daga rana saboda jiƙaƙƙen fili yana mayar da haske daga ƙasa, riga mai tare iska, usur, kamfas, da waya cike da caji a cikin leda mai rufewa. Wurin da ya keɓe sau da yawa ba sabis, don haka ka ɗauki hoton jadawalin tun a gida, ka kuma gaya wa wani inda za ka da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka.

Kamfas ɗin saboda hazo ne. A bakin teku hazo na iya sauka cikin 'yan mintuna, kuma a filin da ba itace ba dutse, kowace fuska iri ɗaya ce. Sawunka ba abin dogaro ba ne, ruwa na shafe shi. Kafin ka sauka, ka duba ta wace fuska tudu yake ka riƙe. Idan an yi hasashen hazo, a fasa tafiyar kawai.

To, me ake gani bayan duk wannan shiri? Sirrin shi ne zama. Ka samu wuri mai tauri ka tsuguna, kada ka motsa na minti biyar. Ƙasar da ka zaci ba kowa sai ta fara rai. A gaɓoɓi masu zafi, ƙananan ƙaguwoyi za su leƙo daga ramuka, namijin da hannu ɗaya ƙato da ya kusa kai girman jikinsa, yana ɗaga shi yana saukewa don kiran mace, macen kuma tana ta ɗiban laka da hannu biyu tana kai wa baki, tana barin 'yan dunƙule-dunƙule a baya. Ka ɗaga hannu sau ɗaya, duk su ɓace kamar an share su. Tsibin yashi murɗaɗɗe kamar zare da za ka gani birjik kashin wata tsutsa ce da ke zaune a rami mai lanƙwasa. Ka duba kamar tafin hannu daga tsibin za ka ga ɗan lotsawa, nan ne bakin ramin ta inda take cin yashi. Idan ka tona kaɗan lakar ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba ƙazanta ba ce. Iska ba ta kai wa can, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a wurin su ke fitar da warin. Duk dutsen da ka ɗaga ka mayar da shi yadda yake, duk ramin da ka haƙa ka cike.

Masu son tsuntsaye kuwa ba sa buƙatar shiga laka ko kaɗan. Ka zauna a tudu awa biyu kafin ruwa ya cika, shi da kansa zai koro maka su har kusa. Amma idan sun taru suna hutawa kada ka tashe su, kada ka saki kare. Da yawansu matafiya ne, kitsen da suke tarawa a nan shi ne guzurinsu. A 2022 an bi diddigin wani tsuntsu mai dogon baki da ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostireliya, sama da kilomita 13,000 cikin kwana 11. Filaye irin na Banc d'Arguin a Muritaniya da na gaɓar Koriya ta Kudu su ne zangon irin waɗannan tsuntsaye.

Wanka ya fi kyau dab da cikar ruwa, lokacin da ya tsaya cik. Ka guji bakin lungu idan ruwa na fita, don duk abin da ya shigo ta wannan ƙofar zai fita, da ƙarfi. A ruwa mai ɗumi ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda kunamar ruwa, wato kifi mai faɗi da ƙaya a wutsiya, tana binne kanta a yashi. In ta ji motsi za ta gudu, in an taka ta za ta yi harbi. Idan ta harbi mutum, a tsoma wurin a ruwa mai zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti. Mai ciwo a buɗe kada ya shiga, musamman mai ciwon hanta ko sukari, domin ruwa mai ɗumi da gishiri kaɗan yana ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio wadda ke cin nama da sauri. Bayan ruwan sama mai yawa a dakata kwana biyu ko uku, lungu ba ya saurin wanke kansa. Kumba da kawa kuma kada a ɗiba a ci sai an tabbatar hukuma ta buɗe wurin, saboda dafin da sukan tara daga wasu tsirran ruwa dahuwa ba ta kashe shi. Abu ɗaya kuma da ba ya cikin jadawali: idan teku ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba, ko ƙasa ta girgiza, wannan alamar tsunami ce, tudu mai tsawo ake nema nan take.

Inda za ka ajiye kaya da mota, ƙasa ta riga ta nuna maka. Ka nemi layin busassun ciyayin teku da itatuwa da tarkace da ruwa ya bari, ka hau samansa sosai, domin idan ana tunkarar tsayuwar wata ko daren sha huɗu, cikowar yau za ta wuce ta jiya. Hanyar shiga ma a bincika. Wasu wuraren da kwalta ake isa, amma kwaltar da teku ke rufewa, kamar Passage du Gois a Faransa, mai tsawon kilomita huɗu da ɗoriya, wadda ruwa ke shanyewa sau biyu a rana. Kada a hau jiƙaƙƙen yashi da mota. Taya kan nutse a hankali tana tsaye, kuma mai janwe ba zai riga ruwa zuwa ba.

Idan za ka kai yamma, ka tanadi riga mai dogon hannu da maganin shafawa, don da iska ta kwanta ƙananan ƙwari masu cizo ke fitowa daga ciyawar bakin ruwa, kuma ƙaiƙayinsu kan yi kwanaki. Ka bar jarkar ruwan daɗi lita biyar a mota da babbar leda ta zuba takalma. A wanke ƙafa a duba ko akwai yanka tun a wurin, sannan a gida a ɗauraye zif da kamfas da duk wani abin ƙarfe a ranar, kafin gishiri ya fara cin su.